Kundin aikin sharhin Antigoni, daga tsakiyar hunturu zuwa bakin azumi

4 ga Janairu, 2025

Da sunan Allah na buɗe wannan kundi. Abin da na sa gaba shi ne rubuta sharhi da Hausa a kan wasan kwaikwayon Antigoni na Sofokilis, mutumin birnin Atina na ƙasar Girka, wanda aka fi zaton an fara nuna shi wajen shekara ta 441 kafin Miladiyya. Ina son sharhin ya kai shafi talatin, a ciki in fassara wurare shida kai tsaye daga tsohon Girkanci. Wa'adin da na ɗibar wa kaina shi ne kafin a ga watan azumi.

Shekara biyu ke nan ina koyon harshen da daddare, bayan na gama duba takardun ɗalibai. Har yanzu da ƙamus nake tafiya, ɗango goma kan ci mini awa guda. Kayan aikina uku ne: matanin Girkanci da ke rumbun Perseus a intanet, sharhin Richard Jebb na 1888, da ƙamus ɗin Liddell da Scott. Wasan ɗango 1,353 ne. Sofokilis ya rubuta wasanni sama da 120, bakwai kaɗai suka iso mu cikakku.

Ga wanda bai san labarin ba: 'ya'yan Idifus maza biyu, Itiyokilis da Folinaikis, sun yi rigimar sarautar birnin Tibis. Folinaikis ya ɗebo mayaƙa daga waje ya kawo wa garinsu hari, wa da ƙane suka kashe juna. Kawunsu Kiriyon ya hau gado, ya sa aka binne Itiyokilis da girmamawa, ya ce shi kuwa ɗayan a bar gawarsa a fili karnuka da tsuntsaye su ci, wanda ya taɓa ta a jefe shi. 'Yar'uwarsu Antigoni ta ce ba za ta saɓu ba.

Ra'ayin da na shigo da shi gajere ne: ita mai gaskiya, shi azzalumi. Na rubuta shi a nan don in ga ko zai kai ƙarshen aikin a yadda yake.

Data ta wata guda, N6,000. Littattafan rubutu biyu, N1,200.

7 ga Janairu

Asarar farko. Na kai matanin shagon kwamfuta a buga mini, domin idona ba ya jure karatun dare a allo. Ban tsaya a kan injin ba, na tafi salla. Da na dawo sai na tarar duk harafin da ke ɗauke da wasali mai alama a kansa ya fito ɗan akwati, don kwamfutar shagon ba ta da irin rubutun. A tsohon Girkanci kuwa kusan kowace kalma tana da alama. Shafi 41 suka tafi a banza, N2,050. Na koma gida na mayar da shi PDF, na bar fili mai faɗi a gefen kowane shafi don rubutun hannu, na dawo. Wannan karon shafi 58, N2,900, ɗinki N700. Yaron shagon ya juya takardar ya ce, "Malam, wannan wane irin ajami ne?" Na karanta masa alfa, beta, gama, delta, ya ce ai ya san su a lissafi, bai taɓa sanin ana waƙa da su ba.

11 ga Janairu

Kwana uku a kan ɗango ɗari na farko, hirar Antigoni da 'yar'uwarta Isimeni a ƙofar fada kafin gari ya waye.

Ɗangon farko kansa aiki ne. Tana kiran Isimeni da kalmomi biyu a jere, koinon da autadelphon, ta farko tana nufin abin da aka yi tarayya a kai, ta biyu 'yar'uwa ta ainihi. A nan Hausa ta fi Turanci kaya, don mu mun san bambancin ɗan'uwa da ɗan'uba tun muna yara. Na sa: "Isimeni, jinina, 'yar'uwata ciki ɗaya."

Sai kuskuren da ya buɗe mini ido. A ɗango na 3 akwai wata 'yar kalma da na karanta a matsayin nun, wato yanzu, jimlar ta ƙi tsayuwa. Ashe non ce mai dogon wasali, ma'anarta "mu biyu". Tsohon Girkanci yana da tasniya kamar Larabci, siga ta musamman ga abu biyu, ba tilo ba, ba jam'i ba. Da ita Antigoni ta fara magana, ita da Isimeni a dunƙule cikin kalma guda. Isimeni na cewa mu mata ne, ba za mu iya ja da masu mulki ba, sai harshen Antigoni ya koma "ni" da "ke", har ta ce ko nan gaba kin so taimaka mini ba na so. An raba zumunci a cikin nahawu kafin a raba shi a dandali. Hausa ba ta da tasniya, don haka zan maimaita "mu biyun nan" a farko yadda kunne zai ji rashinsa daga baya.

Abin da ban so na gani ba amma yana nan: Antigoni tana da kaushi. Isimeni tsoro take ji, ba ƙiyayya ba, an kuwa yi mata magana kamar maƙiyiya.

14 ga Janairu

Ɗango 100 zuwa 161, waƙar shigowar dattawan gari. Na rubuta shafi biyu na gabatarwa. Na yanke zan riƙa ce musu dattawa, ba 'yan amshi ba, domin ba maimaita wa kowa suke yi ba. Su goma sha biyar ne, suna waƙa, suna rawa, suna kuma tsoma baki a magana.

18 ga Janairu

Yau ra'ayina ya sami tsaga ta farko. Na zauna da jawabin Kiriyon na hawa mulki, daga ɗango na 162, da niyyar in tsamo alamomin zalunci. Abin da na tarar magana ce ta mai hankali. Ya ce ba a sanin zuciyar mutum sai an gwada shi da mulki. Ya ce shugaban da tsoro ya rufe masa baki ya ƙi bin shawara mafi kyau shi ne mafi lalacewa. Ya ce wanda ya fifita nasa a kan ƙasarsa ba ya ƙirga shi a bakin komai, domin gari jirgi ne, sai yana tafiya daidai ake samun damar yin abokai. Wane ne a cikinmu bai yi fatan jin haka daga bakin mai mulki ba, mu da muka san abin da son kai da fifita dangi ke yi wa ofis?

Kuma ba ni kaɗai na ji haka ba. A shekara ta 343 kafin Miladiyya, Dimostinis, ɗan siyasar Atina mai fasahar magana, ya sa an karanta wannan jawabi a gaban kotun Atina a shari'arsa da Iskinis, wanda a dā ɗan wasa ne har ya taɓa fitowa a matsayin Kiriyon. Nufinsa shi ne ga yadda ɗan ƙasa nagari ke magana, kai da ka haddace shi ba ka yi aiki da shi ba. Mutanen Atina ba su ji muryar azzalumi a waɗannan ɗangogi ba. Ban da haka, dokarsu ta hana a binne maci amanar ƙasa a cikin yankinsu.

Sai dai akwai tazara tsakanin a ce kada a binne shi a ƙasarmu, da a sa dogarai su tsare gawa har ta ruɓe a bakin gari. A nan Kiriyon ya wuce gona da iri. Dole in sake shafi uku da na riga na rubuta, don na zana shi mugu tun daga ƙofa, marubucin kuwa bai yi haka ba. Nelson Mandela ya fito a wannan wasa a kurkukun tsibirin Robben, kuma Kiriyon ya fito, yanzu na fi gane abin da mai tunanin mulki zai tsinta a bakin wannan mutum.

21 ga Janairu

Wani abokin aiki ya ga takardun a teburina ya ce, "Malam, me ya kai ka littafin masu bautar gumaka?" Tambaya ce ta gaskiya, na kuma ba shi amsar da na ba kaina. Adabi nake karantawa, ba aƙida ba, kuma ba ni na fara ba. Abu Bishir Matta ɗan Yunus, wanda ya rasu a Bagadaza a 940, ya fassara littafin Aristotal na fasahar waƙa zuwa Larabci daga Suryananci. Ibn Sina ya yi masa sharhi, Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, shi ma ya yi.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda suka yi da kalmar tragoidia, sunan da Girkawa suka ba irin wannan wasa na Antigoni. Ba su da dandalin wasa irin na Girka a gabansu, sai Matta ya kira ta madihu, ya kira kishiyarta, wasan barkwanci, hija'i, wato yabo da zambo. Ibn Rushd ya bi shi, yana kawo misalai daga mawaƙan Larabawa irin su Mutanabbi. An daɗe ana ƙirga wannan cikin kurakuran fassara, kuma kuskure ne, amma yana da tushe, tun da Aristotal da kansa ya ce waƙa ta rabu biyu tun asali, masu nauyin hali suka yi yabo, sauran suka yi zambo. Bahaushe da ya tashi da makaɗan fada zai gane wannan rabo nan take.

Ni ma ina gaban matsalar. Asalin kalmar "waƙar bunsuru" ne, ba za ta yi ba. "Wasan ban tausayi" da aka saba ya ɗauki rabi ya bar rabi, domin Aristotal tausayi da tsoro ya ce. Zan riƙe shi a kanun sharhin saboda shi aka sani, in yi bayanin giɓinsa a shafin farko.

25 ga Janairu

Ranar da ta fi kowace daɗi zuwa yanzu. Na je zauren wani malami a unguwarmu da ya karanci aruli, ilimin awon waƙa, na kai masa goro da lemo, N1,500. Na ce, "Allah gafarta Malam, wani baiti zan karanta, ba Larabci ba ne, ba Hausa ba, ina son a auna mini shi." Na karanta ɗango na 523 a hankali, ina ja inda ake ja: outoi sunekhthein alla sumphilein ephun. Ya ce in sake. Na sake sau uku, yana buga yatsa a gwiwa. Sai ya ɗago ya ce, "Ai wannan Rajazu ne. Mustaf'ilun, mustaf'ilun, ƙafa ta uku ta sami zihafi."

Rajazu ɗaya ne daga karuruwan waƙar Larabci, zihafi kuma ɗan sauyi ne da aka yarda da shi a cikin ƙafa. Na yi zaton haka tun a gida, amma jin sa daga bakin wanda bai san ko harafi ɗaya na Girkanci ba wani abu ne dabam. Karin da ake hira da shi a wasannin Girka ƙafa uku ne, kowace gaɓa huɗu: ta farko ko wace iri, ta biyu mai nauyi, ta uku sassauƙa, ta huɗu mai nauyi. Awon nauyin gaɓa ne, kamar na Larabci, kamar na rubutacciyar waƙar Hausa. Turanci ba ya auna waƙa haka, shi ya sa fassarorinsa ba sa jiyar da kai wannan tafiya. Aristotal ya ce wannan kari shi ya fi kusa da maganar yau da kullum. Abin da babu a Girkanci shi ne amsa-amo, Malam ya yi mamakin waƙa mai tsawon haka babu ƙafiya.

Ma'anar ɗangon: ba a halicce ni don in yi tarayya a ƙiyayya ba, sai a ƙauna. Muka zauna muka sassaƙa shi har ya hau karin: "Da so na zo, ban zo da ƙin kowa ba ni." Ya auna daidai. Amma na yi asarar "tarayya", wadda ke manne a jikin aikatau biyun a Girkanci, kuma "kowa" ya faɗaɗa maganar fiye da yadda take nufi, ita 'yan'uwanta biyu take nufi. Zan sa wannan, in sa fassarar zube a ƙarƙashinsa.

28 ga Janairu

Hazo ya rufe gari yau, ko bishiyar ƙofar makaranta ba a gani sosai, ni kuwa ina kan labarin dogari. Shi da sauran masu gadin gawar Folinaikis sun share ƙurar da aka yayyafa mata da dare a madadin binnewa, suka koma kan tudu ta inda iska ba za ta kawo musu ɗoyi ba. Rana na tsaka sai guguwa ta taso ta cika fili, suka runtse ido. Da ta lafa sai ga Antigoni tsaye tana kuka irin na tsuntsuwar da ta dawo ta tarar da sheƙa babu 'ya'ya. Ta ɗebo ƙura da hannu, ta zuba abin sha sau uku daga butar tagulla. Na karanta wannan, ƙura na shiga mini ta taga tana kwanciya a kan takardar.

Sai na koma baya kan shahararriyar waƙar dattawa ta ɗango na 332, polla ta deina. Kalmar deinos tana nufin abin tsoro, abin mamaki, da gwani, duka a lokaci guda. Jebb ya zaɓi mamaki. In na ce "abin al'ajabi" na mayar da waƙar kirarin ɗan Adam, alhali tana ƙarewa da cewa wannan gwaninta wani lokaci sharri take kai shi, wani lokaci alheri. Na gwada gagara, na gwada taƙadari, na gwada shu'umi. Bayan isha'i kalmar ta zo: hatsabibi. Wanda ake jinjina wa ana kuma ja da baya. "Hatsabiban abubuwa suna da yawa, babu wanda ya kai mutum." Ya ratsa teku cikin hunturu, ya gajiyar da ƙasa da garma shekara bayan shekara, ya sa wa doki linzami, ya koya wa kansa magana, mutuwa kaɗai ya rasa wa dabara.

2 ga Fabrairu

Inna lillahi. Daren jiya aka kawo wuta da ƙarfi kwamfutar tana jone, caja ta yi ƙara ta yi wari, allo ya mutu. Yau na wuni a wurin mai gyara. Ya tayar da ita, amma rumbun ajiyarta ya tafi da duk abin da ke ciki. Gyara N22,000, sabuwar caja N7,500.

Shafi goma sha ɗaya na sharhin ke ciki. Huɗu na same su a waya, don na taɓa tura wa wani aboki ta WhatsApp. Bakwai sun tafi, har da sabon ɓangaren Kiriyon da na fi wahala a kai da duk bayanin kari. Abin da ya tsira shi ne rubutun fensir na gefen takardun da aka buga, da littafin rubutu guda da ya kusa cika. Daga yau komai da hannu zan fara rubutawa, in buga daga baya, in tura wa kaina kowane dare. Wa'adin shafi talatin sai dai abin da Allah ya yi.

5 ga Fabrairu

Na dawo da shafi huɗu daga ka. Sun fi na dā gajarta. Data, N6,000.

9 ga Fabrairu

Makon Hegel, masanin falsafa na Jamus. Shi ya kafa karatun da ya fi yawo a kan wasan nan: gaskiya biyu ne suka yi karo, haƙƙin gida da haƙƙin gari, kowanne yana da hujja, kowanne ya makance ga ɗayan. Bayan abin da na gani a ranar 18 ga Janairu, na so in miƙa wuya gare shi gaba ɗaya. Har akwai kalmar da ke taimaka masa, philos, wadda ke nufin aboki da ɗan'uwa duka, wato "naka". Wurin Kiriyon naka shi ne wanda ya tsaya wa gari. Wurin Antigoni, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Amma da na karanta zuwan Haimon sai ma'aunin ya ƙi daidaita. Haimon ɗan Kiriyon ne, shi aka yi wa baiko da Antigoni, taubasai ne a lissafinmu. Ya shigo da ladabi, ya ce Baba ni naka ne, sannan ya faɗa masa abin da ake raɗawa a gari, cewa mutane suna tare da yarinyar. Ya kawo misalin bishiyoyin bakin rafi, wadda ta sunkuya wa ambaliya ta tsira da rassanta, wadda ta sandare aka tumɓuke ta. Kiriyon ya ce, gari ne zai faɗa mini yadda zan yi mulki? Haimon ya ce a ɗango na 737, garin da yake na mutum ɗaya ba gari ba ne. Wanda ya fara da cewa gari jirginmu ne duka, ga shi yana cewa jirgin nasa ne. Tun kafin nan ma ya ce muddin yana raye mace ba za ta mulke shi ba. In Kiriyon wakilin gari ne kamar yadda Hegel ke so, to gari ya tsame hannunsa daga gare shi tun tsakiyar wasa.

13 ga Fabrairu

Ba aiki. Allah ya yi wa baffana rasuwa bayan asuba, kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

17 ga Fabrairu

Na dawo kan takardun, kuma wurin da ke jirana shi ne wanda ya fi damun masana, ɗango 905 zuwa 912. Ana tafiya da Antigoni kogon da za a toshe ta a ciki, sai ta ce: da ɗana ne ko mijina ke kwance yana ruɓewa, da ban saɓa wa gari ba, miji in ya mutu akwai wani, ɗa ana sake haifa, amma uwa da uba suna lahira, ɗan'uwa ba zai ƙara tsirowa ba. Wannan ita ce wadda ta tsaya gaban sarki a ɗango na 450 ta ce akwai dokokin da ba a rubuta ba, ba na yau ba ne, ba na jiya ba. Yaya dokar da ba ta canzawa za ta shafi ɗan'uwa ta bar ɗa?

Goethe, marubucin Jamus, ya ce a 1827 yana fatan wani masani zai tabbatar ƙari ne aka yi. Jebb ya ɗauke su ƙari. Kuma an san inda maganar ta fito: Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ba da labarin matar Intafarnis, da sarki Dariyus na Farisa ya ce ta zaɓi mutum ɗaya a cikin danginta a bar shi da rai, ta zaɓi ɗan'uwanta da wannan hujja. A can hujjar tana tafiya, don ceton rayayye ne. A kan gawa ba ta tafiya. Sai dai Aristotal ya kawo ɗangogin a littafinsa na balaga da sunan Sofokilis, ke nan tun ƙarni na huɗu kafin Miladiyya suna cikin wasan.

A makon jiya da bayan Jebb zan bi. Amma ranar sadakar uku na shiga gaida Goggo, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Tana zaune 'ya'yanta da jikoki sun kewaye ta har ba wurin taka ƙafa, ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, yau ba ni da kowa. Duk wanda ya san ni ina yarinya ya ƙare." Babu wanda ya ce Goggo ga 'ya'yanki. Babu wanda ya ɗauka ba ta son su. Kowa ya san abin da take faɗa.

Haka zan karanta waɗannan ɗangogi. A gaban Kiriyon hujja take kafawa. A bakin kogo babu sauran wanda za ta rinjaya, dattawa sun ce ita ta ja wa kanta, sai ta faɗi abin da ke ƙarƙashin hujjar, cewa wannan ɗaya ba shi da madadi. Ban ga saɓani ba, na ga yarinyar da ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa haihuwa ba, tana auna abin da ta sani da abin da ba za ta taɓa sani ba. Na rubuta shafi biyar a zama ɗaya.

20 ga Fabrairu

Na yi tafiyar awa guda zuwa wurin wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi Latin a sakandare tun zamanin da ake koyar da shi. Kuɗin mota N3,000. Ni ba ni da Latin, ina kuwa son shafi biyu a kan yadda Rumawa suka ɗauki maganar gawar da ba a binne ba. Na ce, "Baba, Horas nake so a karanta mini." Ya sa tabarau ya buɗe waƙoƙin wannan mawaƙi na Rumawa, waƙa ta 28 a littafi na farko, inda mamaci a bakin teku ke roƙon matuƙin jirgi mai wucewa: ba zan tsayar da kai ba, watsa ƙasa sau uku ka wuce. Ya ajiye littafin ya ce, "Ɗana, ba haka muke yi a bakin kabari ba?" Mako guda da ya wuce na yi hakan da hannuna. Muka tuna hankakan Suratul Ma'ida, aya ta 31, da ya nuna wa ɗan Adam yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa.

Ya nuna mini Birjil, wani mawaƙin Rumawa, littafi na shida na doguwar waƙarsa Iniyad, inda waɗanda ba a binne ba ke gararamba shekara ɗari a bakin kogi ba a ƙetarar da su. Ya kuma karanta mini gargaɗin Horas cewa kada Midiya, matar da ta kashe 'ya'yanta a wani wasan Girka, ta yanka su a gaban jama'a, abin da ya yi muni a ba da labarinsa. Mutuwa uku ke ƙarshen Antigoni, ko ɗaya ba a yi a idon 'yan kallo ba.

24 ga Fabrairu

Ƙarshen wasan. Antigoni ta fita a ɗango na 943, saura 410 babu ita. Makahon mai duba, Tiresiyas, ya zo ya ce tsuntsaye suna yagar juna, hadaya ta ƙi cin wuta, karnuka sun kai naman gawa wuraren bauta. Ya ce wa Kiriyon ka tura rayayye ƙarƙashin ƙasa, ka riƙe matacce a sama. A nan wasan ya yanke hukunci, bai kuma raba shi biyu ba: a kan binnewa gaskiya tana wurinta.

Dattawa suka ce ya fito da yarinyar, ya kuma yi wa mamacin kabari. Ya yarda, amma ya fara da gawar, ya wanke ta, ya ƙona, ya tara tudu, sannan ya nufi kogo. Ya tarar ta rataye kanta da ƙyallen lilin. Haimon ya tofa masa yawu a fuska, ya zare takobi ya kai masa sara ya kuskure, ya juya shi a kansa. Uwarsa Yuridiki ta ji labari ta shige gida ba ta ce uffan ba. Aristotal ya soki wannan sara da bai samu ba, ya sa shi a mafi raunin nau'i, a yi niyya da sani a kuma kasa aikatawa. Ban yarda da shi ba. Da Haimon ya same shi, da Kiriyon ya huta. Kuskuren saran shi ya bar shi da rai ya shigo ɗauke da gawar ɗansa, shi da ya hana a ɗauki gawar ɗan 'yar'uwarsa.

Matsayin sharhin ke nan: gaskiya tata ce, faɗuwar tasa ce, kuma marubucin bai sa mai gaskiyar ta zama mai daɗin zama ba.

27 ga Fabrairu

Shafi 27 suka samu, fassara biyar maimakon shida. Jawabin Tiresiyas ya fi ƙarfina a yanzu, na bar shi a zube. Na buga kwafi uku, N4,050, ɗaya na Malam, ɗaya na Baba, ɗaya na abokin aikin da ya yi mini tambaya, don shi ya ce in kawo masa. Jimillar kuɗi N56,900, fiye da rabi na gyaran kwamfuta.

Abin da ya rage bayan salla, in Allah ya kai mu: in mayar da hirar Haimon da ubansa kan Rajazu gaba ɗaya, in ba ɗalibai biyu su karanta da ƙarfi in ji inda harshe ke tuntuɓe. Baba kuma ya yi alkawarin za mu zauna da littafi na 12 na Tibayid, waƙar Latin ta Istatiyus a kan yaƙin Tibis, inda Antigoni ba ita kaɗai ta je wurin gawar ba, ta haɗu da Arjiya matar mamacin a cikin dare, suka ɗora shi kan wutar da ta ci ɗan'uwansa, harshen wutar ya rabu biyu. Ya ce in zo da littafin rubutu sabo, don daga harafin farko na nahawun Latin za mu fara.